Kashi Tamanin da Bakwai

Ƙarfe biyun dare, bayan Ƙofar Ƙaura,
ɗakin na'urori ya fi ruwan randa sanyi.
Sha'aban mai gadi ya miƙo shayi ta ƙofa,
ya ce, "Har yanzu, Injiniya?"
Na ce har yanzu.

Rumbuna tara gare mu a nan, na ƙarfe,
ba gero ciki, ba dawa,
sai takardun filaye, hotunan ƙirji daga asibiti,
sakamakon jarrabawar yaran da ban sani ba.
Kowane abu sau uku muke ajiye shi,
a rumbu uku daban,
yadda kakata Tabawa ke raba kuɗin adashi:
kaɗan a kwalla, kaɗan ƙarƙashin katifa,
saura a bakin zane.

Dokar gidan guda ce:
ba a cewa "an ajiye" sai ukun sun amsa.
Biyu na amsawa kafin ƙiftawar ido.
Na ukun fa?
Daƙiƙa talatin da biyu. Sittin da huɗu.
Allo ya yi jawur da ƙorafi,
buƙatu sun yi layi kamar jarkoki a bakin famfo,
ta gaba ba ta cika ba, na baya sai ƙaruwa.

Ga kuma mai tantancewa,
wanda ke bin dare yana gwada kwafi da kwafi,
mudu da mudu, ko wata ƙwaya ta ruɓe.
Tun Laraba yake tsaye a kashi tamanin da bakwai.
Bai faɗi ba, bai wuce ba.
Ya damƙe mabuɗin wani sashe
yana jiran shaida na uku ya buɗe baki.

Na fara da agogo. Agogunan bakinsu ɗaya.
Na duba zafi, na duba wuta,
janareta na gurnaninsa lafiya ƙalau.
Na bi rajista layi-layi har idona ya yi yaji,
sunan faifai na sha huɗu na ta dawowa
kamar sunan mai cin bashi a littafin kanti.
Na tambaye shi jiki. Ya ce da sauƙi.
Na ce ƙarya kake, na fitar da shi daga jama'a.
Sauran suka raba kayansa suna nishi
har minti arba'in.
Sai ja ya dawo.
Yanzu na sha biyar ake kira,
maƙwabcinsa, rumbu ɗaya, ƙofa ɗaya.

Nan na ajiye kofin.
In duk wanda ya zauna gida guda ya kurumce,
a bar zargin kunne, a duba hanyar gidan.

Na tura ƙaramin saƙo, ya je ya dawo.
Na tura manya goma, bakwai suka dawo.
Na durƙusa, tocilan a haƙora,
ina bin shuɗiyar igiya da yatsa bayan kabad.
Ƙura. Murfin biro. Ɓawon gyaɗa.
Ɓawon gyaɗa, a ɗakin da ba a cin komai!
Ga wurin: an gwaguye roba, waya tsirara,
saura ƙiris, amma ba ta tsinke ba.
Da ta tsinke, da tun Laraba mun sani.
Mai rabin rai ya fi gawa wahalar da dangi.

Ɓera dai bai ji labarin mun canza rumbu ba.

Sabuwar igiya ta ce ƙyas a raminta.
Na zauna, ban taɓa komai ba, ban ko yi tari ba.
Tamanin da bakwai.
Tamanin da bakwai.
Tamanin da takwas.

Na mayar da na sha huɗu cikin 'yan'uwansa,
na dafa murfinsa mai ɗumi, na ce ka yafe ni.
Jarkoki suka fara cika ɗaya bayan ɗaya,
ja na komawa kore
daidai lokacin da ladan ya gyara murya.

Sha'aban ya zo ɗaukar kofi. "Mi ya faru?"
Na nuna masa igiyar.
Ya juya ta, ya juya ta,
ya tura ledar gyaɗarsa can cikin aljihu.

A rahoto na rubuta: sanadi, ɓera.
Abin buƙata: ragar ƙarfe, igiya biyu ta ajiya, kyanwa.
Na goge kyanwa.
Na sake rubuta ta.